Gilashi ko fileksi? Tambayoyi da amsoshi kan ƙofar kejin damo, kunkuru da sauran masu jan ciki a Damagaram

Waɗannan su ne tambayoyin da masu haɗa keji a gida suka fi yi game da ƙofar gaba, inda mutum ke leƙen dabbarsa, ya sa mata abinci, ya share mata wuri. Yawancin shawarwarin da ke yawo a intanet don ƙasashen sanyi aka rubuta su, inda damuwar mai keji ita ce tsare ɗumi. Mu a Damagaram ƙura da zafi ne abokan karawarmu, kuma su ke raba gardama tsakanin gilashi da fileksi. Fileksi shi ne robar nan garai-garai da ake gani ta cikinta, wadda masu yin allunan talla ke aiki da ita. Sunanta na kimiyya akirilik.

Malam, a taƙaice, wanne zan saya?

In ƙofa mai zamewa za ka yi, irin ta kantar mai sai da magani ko agogo, sayi farin gilashi mai kaurin milimita 5. In ƴar ƙaramar ƙofa ce mai hinji da firam, kuma akwai yara masu guje-guje a gidan, fileksi zai yi. In hawainiya ce ko kunkuru, ƙila ba ka buƙatar ko ɗaya daga cikinsu. Dalilai na tafe.

Ba an ce fileksi ya fi gilashi ƙarfi ba?

Ƙarfi iri biyu ne, kuma mutane na haɗa su wuri guda. Akwai jure bugu, akwai ƙin lanƙwasa. Wajen bugu fileksi ya yi wa gilashin taga nisa: yana jure duka kusan ninki goma, kuma in ya fashe manyan ɓalli yake yi marasa kaifi sosai. Wajen tsayawa miƙe kuwa gilashi ya ninka shi fiye da sau ashirin. Kafin fileksi ya tsaya ƙyam kamar gilashi mai milimita 4, sai kaurinsa ya kai wajen milimita 11, kuma a wannan kaurin kuɗinsa ya wuce na gilashi nesa ba kusa ba.

Abin da ya sa wannan ya dame mu shi ne, dabba mai jan ciki ba ta cika fasa ƙofa ba. Turawa take yi. Maciji zai kafa kansa a mahaɗar ƙofofi biyu ya yi ta dannawa har dare ya raba. In ƙofar na lanƙwasawa ko da rabin santimita ne, hanya ta samu.

Inda fileksi ya yi nasara ba gardama shi ne nauyi. Murabba'in mita ɗaya na gilashi mai milimita 5 kilo 12 da rabi ne, na fileksi mai wannan kaurin bai wuce kilo 6 ba.

Me ƙurar hunturu ke yi wa ƙofa?

Nan ne babban dalilinmu. Ƙurar da iskar gabas ke kawowa daga Nuwamba zuwa Maris cike take da ƙananan ƙwayoyin rairayi, kuma rairayi ya fi gilashi kansa tauri, balle roba. Fileksi na da laushin da farcen damo ma ke zana shi. Ƙari a kan haka, in iska ta bushe ƙarau, kana goga shi da tsumma sai ya ɗauki wannan maganaɗisun da ke sa biro ya ja guntun takarda, ya riƙa janyo ƙura da kansa. To ga yadda abin ke tafiya: ƙura ta kwanta, mai gida ya ɗauko busasshen tsumma ya share, ƙwayoyin rairayi suka yi aikin samfefa, gogar ta ƙara masa maganaɗisu, washegari ƙura ta fi ta jiya. Kafin hunturu ɗaya ya wuce ƙofar ta yi hazo, ana ganin dabba kamar ta bayan labulen leda.

A ƙofa mai zamewa ɓarnar ta fi yawa, domin rairayi na shiga tsakanin ƙofofin biyu da cikin layin da suke gudu, kowace buɗewa tana barin dogon zane. Gilashi ma yana zanuwa in an goge shi a bushe, amma sai an daɗe, kuma zanensa bai kai ya hana gani ba.

Ana iya goge zanen fileksi da samfefar ruwa mai laushi, daga lamba 800 zuwa 2000, a bi da man goge mota. Aikin wuni guda ne, kuma baɗi za a sake.

Ƙofata ta fileksi ta yi doro ta ƙi shiga layinta. Me ya jawo?

Abu biyu, zafi da laima. Fileksi na kumbura da zafi kusan ninki takwas na gilashi. Tsawon mita ɗaya yana ƙaruwa da milimita 0.07 a kowane digiri. Lissafin ƙarami ne a ido, amma ka duba garinmu: a Janairu dare kan sauko wajen digiri 14 ko 15, a Afrilu da Mayu rana kan haura 40, ƙarƙashin rufin kwano kuma ya fi haka. Fileksin da aka yanka da sanyin safiyar Janairu ya cika firam daram, in bazara ta zo zai nemi ƙarin milimita 2 a kowace mita. In bai samu wurin miƙewa ba sai ya yi doro, ko ya tsage daga ramin sukuru.

Na biyu, fileksi na shan ruwa kaɗan-kaɗan daga iska. Cikin keji da kwanon ruwa da jiƙaƙƙiyar ƙasa, waje kuma busasshiyar iskar hunturu. Fuskar ciki ta kumbura, ta waje ba ta kumbura ba, sai farantin ya lanƙwashe, cikinsa ya turo ta wajen dabba. Fitilar ɗumi da ke kusa da ƙofa ma haka take yi, tun da fuska ɗaya take gasawa.

In ya riga ya faru, cire ƙofar, kwantar da ita a kan tebur mai daidaito cikin inuwa, ɗora mata katako da nauyi na kwana biyu ko uku, sannan ka mayar da ita a juye, fuskar ciki ta koma waje. Don kada ta koma, sa mata bakin alminiyam mai kwari a gefunan tsaye, kuma ka matsar da fitila aƙalla santimita 25 daga ƙofa. Gilashi ba ruwansa da duk wannan.

Kauri nawa ya dace?

Tsayin ƙofa ake dubawa, da ƙarfin dabba. Ƙofar da ba ta wuce santimita 40 a tsaye ba, gilashi mai milimita 4 ya isa. Daga nan zuwa santimita 60, milimita 5. In ta haura haka, ko damo babba ne a ciki, milimita 6. Gilashin firam ɗin hoto mai milimita 2 ko 3 kada ya shigo maganar ko da kyauta aka ba ka. Arha ba ta ado.

Ga fileksi kada ka sauka ƙasa da milimita 5, kuma faɗinsa kada ya wuce santimita 40 sai da firam a gefe huɗu.

Sayi layin da ƙofa za ta gudu a ciki kafin ka yanko gilashi, domin kwarin layi da kauri ake yin sa. Gilashi mai 5 a kwarin 4 ba ya shiga, a kwarin 8 kuma zai yi ta kaɗawa.

Yaya ake auna ƙofa mai zamewa?

Wannan ne wurin da aka fi asarar gilashi, don haka mu bi shi a hankali. Layi biyu ake kafawa, na sama da na ƙasa, kowanne da kwari biyu. Na sama dole ya fi zurfi, saboda ana sa ƙofa ne ta hanyar cusa kanta sama tukuna, sannan a sauke gindinta cikin na ƙasa. In ka musanya su, ƙofar ba za ta shiga ba, ko ta shiga ta faɗo.

Kafa layukan tukuna, ka bari manni ya kama, sannan ka auna. Don tsayi: auna daga gindin kwarin ƙasa zuwa ƙurewar kwarin sama, ka cire zurfin kwarin ƙasa, ka ƙara cire milimita 2. Misali, awon ya ba ka milimita 500, kwarin ƙasa zurfinsa 5, na sama 12. Gilashinka zai zama 493. In ya zauna, milimita 5 na kansa na cikin kwarin sama, wanda ya isa ya riƙe shi. Auna a wuri uku, hagu, tsakiya da dama, ka ɗauki mafi ƙanƙanta. In bambancin ya wuce milimita 2, kejin ne bai daidaita ba, gyara shi kafin ka je wurin mai gilashi. Katakon sama na dogon keji yakan sunkuyo a tsakiya ya danne ƙofa, don haka in faɗin ya haura mita ɗaya a ƙarfafa shi da wani katako a tsaye ta bayansa ko da ƙarfe.

Don faɗi: ƙofofin biyu su hau kan juna da santimita 5 a tsakiya. Ƙara 5 a kan faɗin bakin keji, ka raba biyu. Baki mai santimita 120 zai ba ka ƙofa biyu, kowace 62.5. Irin wannan ƙofa a gilashi mai milimita 5 ba ta kai kilo 4 ba, hannu ɗaya na tura ta.

Rubuta awon da milimita a takarda ka miƙa wa mai yanka, kada ka faɗa da baki. Kuma ka kafa katako mai tsayin santimita 10 zuwa 15 a ƙasan baki, layin ƙasa ya hau kansa. Shi zai tare ƙasar cikin keji kada ta zubo cikin kwari.

Bakin gilashin da aka yanko yana da kaifi kamar aska. Haka ake sa shi?

A'a. Ka ce wa mai yanka ya kashe maka bakin, gefe huɗu da kusurwoyi. In bai yi ba, aikin minti goma ne: naɗe samfefar ruwa mai lamba 120 a kan guntun katako, jiƙa ta, ka goga a karkace tare da tsawon bakin, gaba da baya, sannan ka bi da lamba 240. Sa safar hannu mai kauri, kuma kada ka goga a bushe saboda garin gilashi. Wannan ba don yatsunka kaɗai ba ne. Dabba na goga hanci da baki a mahaɗar ƙofofi, kuma bakin da ba a kashe ba yana cin layin roba, daga ƴan tsage-tsagensa ne kuma fashewa ke farawa.

Ina da tsohon gilashin taga da na mota. Za su yi?

Farin gilashin taga ko na tsohuwar kanta zai yi in kaurinsa ya kai kuma ba tsaga. Gilashin ƙofar mota gasasshe ne, wato an gasa shi a masana'anta an sanyaya shi da sauri don ya yi ƙarfi ninki huɗu ko biyar. Irin wannan ba ya yankuwa, ba ya hudawa. Kana sa masa abin yanka zai tarwatse ya zama tsakuwa. Ana gane shi da ɗan tambari a kusurwa. In kana son gasasshen gilashi don kejinka, kuma shi ne mafi aminci ga babbar dabba, sai dai ka ba da awo a yi maka odarsa, kuma awon ya zama na ƙarshe tun da ba gyara.

Gilashi mai launi da ake sa wa tagogin sababbin gidaje, shuɗi ko ruwan ƙasa, musamman mai ɗaukar hoto kamar madubi, a bar shi. Fuskar madubin tana komawa ne gefen da ya fi haske. In fitila na kunne a cikin keji, dabbar za ta wuni tana kallon wata dabba irinta da ba ta tafiya, kuma namijin ƙadangare ko hawainiya na iya daina cin abinci saboda wannan.

Falle-fallen tagar nako ba ƙofa ba ne, amma suna da amfani a gefen keji don daidaita iska, muddin akwai raga a bayansu.

Akwai ƙananan yara a gidan. Ba gara fileksi ba?

Tambaya ce mai kyau, Hajiya, kuma nan ne fileksi ke da hujja. In kejin a ƙasa yake, a tsakar gida inda ake buga ƙwallo, gilashin taga haɗari ne, domin yana fashewa ne dogaye masu tsini. Mafita uku ce: a ɗaga kejin kan tebur mai ƙarfi ya wuce santimita 80 daga ƙasa, ko a nemi gasasshen gilashi, ko a yi ƙofar fileksi mai firam da hinji a haƙura da zane. Kowace aka zaɓa, a sa kwaɗo. Yaro ya fi saurin buɗe ƙofa fiye da fasa ta.

A kula wajen saye, ba duk roba garai-garai ce fileksi ba. Akwai mai arha da ke yin rawaya ta yi ƙamas in ta sha rana. Duba bakin farantin: na fileksi na ainihi tas yake yana sheƙi. Akwai kuma folikabonet, wanda kusan ba ya fashewa ko da guduma, bakinsa da ɗan duhu, amma ya fi fileksi saurin zanuwa.

Yaya ake yanka fileksi da huda shi ba tare da ya tsage ba?

Kada ka ɓare ledar da ke jikinsa sai aiki ya ƙare. Mai kaurin milimita 3 ko 4 ana zana shi da wuƙa mai ƙugiya a jikin rula sau takwas zuwa goma, a ɗora zanen a bakin tebur a karya shi da dannawa ɗaya. Mai milimita 5 zuwa sama sai zarto mai ƙananan haƙora, a hankali, don in ya yi zafi narkewa yake ya sake mannewa a bayan zarton.

Wajen huda, shimfiɗa katako a ƙarƙashi, injin ya juya a hankali, kada ka danna, musamman lokacin da bakin ke gab da fita, nan ne yake fizga ya tsaga. Ramin ya yi nesa da baki da santimita 2, kuma ya fi sukuru faɗi da milimita 2 saboda kumburin da muka ambata. Sa ɗan zoben roba, ko guntun robar tayar keke, ƙarƙashin kan sukurun, ka ɗaure har ya taɓa kawai. Sukuru mai kai kamar mazurari, wanda ke nutsewa cikin katako, yana tsaga fileksi kamar yadda gatari ke tsaga itace. A nemi mai shafaffen kai.

In na ajiye kejin inda rana ke shiga ta gilashi, dabbar ta samu ranar da take buƙata?

Ba ta samu ba, kuma kana iya kashe ta. Wannan amsar ta fi duk sauran muhimmanci.

Damo, kunkuru, ƙadangare da hawainiya na buƙatar wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, wanda ake kira UVB. Da shi fatarsu ke haɗa sinadarin bitamin D3, da shi kuma jiki ke ɗaukar kalsiyam ya gina ƙashi. Gilashin taga yana tare kusan dukkan wannan haske, fileksin da ake sayarwa a kasuwa ma haka. Dabbar da ta shekara tana shan rana ta bayan gilashi za ka ga muƙamuƙinta ya yi laushi, ƙafafu sun karkace, ƙoƙon ɗan kunkuru yana lotsawa in an danna. Wannan ciwon in ya yi nisa ba ya komawa daidai.

Zafi kuwa yana shiga ta gilashi sarai, fita ce ke masa wuya. Duk wanda ya taɓa shiga motar da aka rufe a rana a watan Mayu ya san abin. Mai jan ciki ba ya gumi, dabararsa ɗaya ce, ya gudu inuwa ko rami. A rufaffen kejin gilashi ba wurin gudu, kuma ƙasa da awa guda ta isa.

Allah ya hore mana rana, don haka ba sai mun dogara da fitila mai tsada ba. Yi wani kejin raga na daban a tsakar gida, rabinsa a rufe da zana ko tabarma don inuwa, da kwanon ruwa, a fitar da dabba da hantsi, kamar daga ƙarfe 8 zuwa 10, sau uku ko huɗu a mako. A bazara a rage, a yi da wuri. Wanda zai sa fitilar UVB, ta zauna a cikin keji ko bisa raga mai manyan idanu, ba gilashi tsakaninta da dabba.

To iska fa? Ƙofar gilashi ba za ta toshe kejin ba?

Za ta toshe in ba ka buɗe wata hanya ba. Iska mai zafi sama take yi, don haka a buɗe taga ɗaya ta raga a ƙasa ta gefen sanyi, wata a sama ta gefen fitila, iska ta ratsa. Ga keji mai faɗin santimita 120, kowace taga kada ta gaza santimita 10 da 30, kuma a bazara ma wannan kaɗan ne. Dabara mai kyau ga garinmu ita ce a yi ƙofa kashi biyu masu awo ɗaya: ta gilashi don ɗari, ta raga mai firam ɗin alminiyam don bazara. Tun da ɗagawa ake a cire, sauyin ba ya cin minti ɗaya. Ga dabba mai farce a sa ragar ƙarfe, ta sauro ta roba yagewa take.

Ana cewa fileksi ya fi riƙe ɗumi. Gaskiya ne a lissafi, amma a ƙofa mai milimita 5 bambancin bai taka kara ya karya ba. Bargo a kan keji da daren Janairu ya fi shi aiki. Ajiye ma'aunin zafi biyu, ɗaya a kowane gefe, musamman saboda lokutan da wuta ke ɗaukewa fanka ta tsaya.

Kunkuru nake da shi. Wace ƙofa?

Babban kunkurun nan na Sahel ba dabbar keji ba ne. Ƙoƙonsa kan wuce santimita 70, nauyinsa ya haura kilo 50, yana haƙa rami mai tsawon mitoci, kuma yana ture abin da ya tare shi. Wurinsa fili ne mai katangar bulo wadda gindinta ya nutse cikin ƙasa, da ƙofar katako ko ƙarfe.

Ko ɗan ƙarami ne, gilashi har ƙasa cutarwa ne. Kunkuru bai san akwai abin da ido ke ratsawa jiki bai ratsa ba. Zai wuni yana turawa yana hawa har ya kife a bayansa, kuma kifewa a rana ajali ne. In akwai gilashi a kejinsa, a rufe santimita 15 zuwa 20 na ƙasa da katako ko fenti ta waje, ya zama ba ya hango waje daga inda idonsa yake.

Damo fa?

Ana yi masa kirari da sarkin haƙuri, amma farcensa da wutsiyarsa ba su da shi. Babban damo kan kai mita ɗaya, yana karce ƙofa duk lokacin da ya ji ƙanshin abinci. Fileksi a gabansa ba ya wata uku da kyan gani. Gilashi mai milimita 6, gasasshe in da hali, da layin alminiyam da aka ɗaure da sukuru. Kuma tun da damo mahaƙi ne, yana son ƙasa mai zurfin rabin mita da ɗan danshi a ƙarƙashi, katakon ƙasan ƙofa sai ya kai wannan tsayin. Kada ka bar dutse mai motsi kusa da gilashi, yana haƙa ƙarƙashinsa ya gangaro.

Hawainiya?

Raga ta kowane gefe, keji mai tsayi, da rassa da ganye. Tana buƙatar iska mai ratsawa, kuma hoton kanta a gilashi yana tayar mata da hankali.

Maciji na iya fita ta tsakanin ƙofofi biyu?

Ƙwarai. Tsakanin gilashi biyu akwai tazarar milimita 3 zuwa 5, ƙaramin maciji kuma duk inda kansa ya wuce jikinsa ya wuce. Manna siririn buroshin da masu tagar alminiyam ke sawa, ko ka tsaga siririn tiyon roba a tsaye ka sa shi a bakin gilashin ciki. Mesa kuma tana iya zame ƙofa da jikinta, saboda haka sai da makulli. Akwai irin na kantar masu zinari, mai haƙora, da ke kama bakin gilashi ba tare da huda ba. In babu, yanko sanda daidai tsawon kwarin da ya rage ka kwantar a ciki, kowace ƙofa da tata.

Maganar macizai masu dafi, kububuwa, kasa, gamsheƙa, ba mu ba da shawarar kowace irin ƙofa ba, domin kejin gida ba wurinsu ba ne. Kuskure ɗaya na iya faɗawa kan maƙwabci ko yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Da me ake wanke ƙofa?

Ka'ida ɗaya ga duka biyun: ruwa tukuna, tsumma daga baya. Cire ƙofar, kwarara mata ruwa ƙura ta sauka, rabin buta ya isa, sannan a bi da sabulun ruwa da tsumma mai laushi, a ɗauraye. Farin tabon da ruwa ke bari a gilashi yana fita da ruwan lemun tsami ko binigar, kashi mai taurin kai kuma a kankare shi da reza a kwance, a jiƙe. Reza ba ta taɓa fileksi. Haka fetur, tina, alkol, man cire jan farce da ruwan goge gilashi mai warin amoniya: suna sa fileksi ya yi ƙananan tsage-tsage kamar saƙar gizo, musamman a bakin ramuka, kuma ba su gyaruwa.

Don kashe ƙwayoyin cuta, cokali biyu na ruwan jabel a lita ɗaya ta ruwa, a bar shi minti goma, a ɗauraye sosai, a shanya har wari ya fita kafin a mayar. A wanke hannu da sabulu bayan aiki, kuma kada a yi wankin a wurin wanke-wanken kwanuka, domin masu jan ciki na ɗauke da ƙwayar cutar salmonela a kashinsu ko da lafiyarsu lau.

Ƙofa ta fara ciza tana ƙara. Man inji zan sa?

Kada ka sa. Mai da ƙura in sun haɗu laka suke zama. Cire ƙofar, share kwarin da tsohon buroshin haƙori, goga kyandir a bakin gilashin ƙasa. In a Agusta cizon ya fara, katako ne ya sha laimar damina ya kumbura. Wanda ya shafe katakonsa da fenti ko banish ta kowace fuska, har bakin filawud, kafin haɗawa, bai cika ganin wannan ba. Ɗaga ƙafafun keji daga ƙasa kuma yana rage masa laima da gara.

Wane manni ya dace?

Silikon na kama gilashi da alminiyam sosai, amma a jikin fileksi ɓarewa yake bayan ɗan lokaci, don haka hannun buɗewa a fileksi da sukuru ake ɗaure shi. A gilashi kuwa, guntun gilashi ko katako da aka manna da silikon ya isa hannu. Sayi silikon zalla, irin na tankin kifi. Wanda aka rubuta na banɗaki ne ko mai hana fumfuna yana da magani a ciki, bai dace da dabba ba. Bayan mannawa a bar kejin a buɗe har warin tsami ya ɓace gaba ɗaya, kwana uku zuwa bakwai. Fenti da banish ma haka, sai hanci ya daina jin komai ko da an rufe ƙofa na awa guda an buɗe.

Akwai doka kan ajiye waɗannan dabbobi?

Akwai. Dokar farauta da kare namun daji ta Nijar, mai lamba 98-07 ta 1998, ta shafi kamawa da tsare namun daji, kuma babban kunkurun Sahel na cikin dabbobin da yawansu ke raguwa, cinikinsa tsakanin ƙasashe na ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirrai masu fuskantar ƙarewa. Kafin ka sayi katako ko ka ba da awon gilashi, je ofishin ma'aikatan gandun daji ka faɗa musu irin dabbar da inda ta fito, ka ji ko ana ba da izinin ajiye ta da takardar da ake buƙata.